An ajiye takalman mijina a ƙofar shago alhali yana raye

Abla Gülten,

Don girman Allah ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe, ko da kin ga ina ta kewaye-kewaye. Ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan. Duk ƙawar da na ɗauki waya zan kira, sai in tuna mijinta ko wanta yana shan shayi a teburi ɗaya da mutanen da nake tsoro, sai in ajiye wayar.

Mijina mai aski ne a Duisburg, nan ƙasar Jamusawa. Zan kira shi Nevzat, ba sunansa ke nan ba. Yana saurayi ya zo daga ƙauyenmu na gefen Yozgat, can ƙasarmu ta Turkawa, kuma wanda ya karɓe shi shi ne Usta Ramiz (Usta muke ce wa ubangida a sana'a), dattijon mai askin unguwarmu, ɗan ƙauyenmu. Shi ya ba shi ɗaki a saman shago, shi ya koya masa riƙe aska, shi ya yi ta zarya da shi ofis-ofis har takardunsa suka fito. Shi ne ma ya zo gidanmu ya nema masa aurena a wurin babana. Kin san irin shagon nan, Abla, kowane gari da nasa. Mai neman gidan haya, mai neman aiki, mai son buɗe wurin gasa nama yana neman wanda zai tsaya masa, duk a kujerar Usta maganar ke farawa. Ni kaina da na tashi, babana ya fi ambaton shagon nan fiye da ofishin jakadanci.

Nevzat ya daɗe ƙwarai a hannunsa, har furfura ta fara leƙo masa. Sai ya yi karatu ya ci jarrabawar Jamusawa ta ƙwararrun masu aski, ya kama shago a hayin layin dogo. Ban ga laifinsa ba, mutum ba zai tsufa yana share gashin shagon wani ba. Amma na ce masa ya sayi alewa ya je gidan Usta, ya sumbaci hannunsa ya nemi izini da yafiya kamar yadda kowa yake yi. Ya ce ai ya gaya masa. Ashe a tsaye ya gaya masa, yana wanke almakashi, kamar mai cewa zai je kanti ya dawo. Da na matsa sai ya ce takardarsa Jamusawa suka sa mata hannu, ba Usta ba. Mijina mutumin kirki ne, amma in girman kai ya motsa masa gara ki yi magana da bango.

Duk da haka ranar buɗe shago Usta ya zo. A wurinmu ubangida ne mutum na farko da ke zama a sabuwar kujera, ya miƙa wa yaronsa wuya ya aske shi a gaban jama'a, kowa ya shaida ya yarda da hannunsa. Usta ya zo da dattawa biyu da faranti na alewar baklawa, kuma ya bar ƙasumbarsa ta fito saboda ranar, mutumin da tun ina yarinya ban taɓa ganin gashi a haɓarsa ba. Na fesa musu turaren lemo a hannu, na kawo shayi, zuciyata fari ƙal. Sai ga wani Bajamushe da ya kama lokaci ta waya ya shigo yana duba agogo. Nevzat ya dubi mutumin, ya dubi Usta, ya ce, "Usta, ɗan jira kaɗan, wannan da alƙawarinsa." Ya zaunar da baƙon a kujerar.

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Usta kuwa ya ɗauki kofinsa. Ya shanye shayinsa a hankali, ya ɗora cokali a bakin kofin, ya miƙe ya ce, "Allah ya ba da kasuwa, ɗana." Suka fita.

Abla, tun daga ranar bai aske gemun ba. Lokacin sanyi ne, yanzu ga mu a ƙarshen azumi, gemun ya yi fari fat ya sauko masa wuya. Bai taɓa zagin Nevzat a gaban kowa ba, ba ya ma bukata. Duk wanda ya zauna a kujerarsa ya ɗaga kai, gemun zai gani.

Abin bai zo mana a lokaci guda ba. Angwayen da suka yi alƙawarin askin biki ne suka fara bugowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai ladabi. Mai wanke mana tawul ya ce hayin dogo ya yi masa nisa, alhali kullum yana wucewa ta ƙofarmu. Yaran ƙungiyar ƙwallo suka daina zuwa. Nevzat ya shiga gidan shayin 'yan garinmu, masu karta suka amsa sallamarsa ciki-ciki, ba wanda ya jawo masa kujera, ya tsaya ya tsaya ya fito. An cire shi daga zauren waya na ƙungiyar ƙauyenmu, inda ake sanar da rasuwa da biki, har aka yi jana'izar wani kawun babarsa bai ji ba sai bayan an tafi da gawar gida. Jamusawa suna zuwa jefi-jefi, suna yaba hannunsa, amma Bajamushe in ya yi aski yau sai wata ya zagayo. Yawancin yini yana zaune shi da madubi.

Babana ma ya daina zuwa gidanmu. Ni yake kira in je, ya ce in gaya wa mijina ya san abin da ya kamata. Na gaya masa har na gaji. Da farko faɗa yake yi, ya ce shi ba bawan kowa ba ne. Yanzu ya daina faɗan, kuma wallahi na fi son lokacin da yake yi. Ba ya cin abin kirki in an sha ruwa, ba ya wasa da 'yarmu, sai ya zauna yana goga aska a fata, askar da ba ta taɓa fuskar kowa ba tun safe.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Talata ni na riga shi zuwa shago don in yi shara. A bakin ƙofa na tarar da takalmansa, baƙaƙen da yake aiki da su a wurin Usta ya baro su a ɗakin baya. An goge su tas, an jera su, bakinsu na kallon titi. Ba sai na gaya miki ba, Abla, a wurinmu takalman mamaci kaɗai ake fitarwa a ajiye haka a ƙofa. Wata tsohuwa Bajamushiya maƙwabciyarmu ta wuce da karenta, ta yi murmushi ta ce wani ya manta takalmansa.

Na kwashe su na cusa a jaka, suna nan ƙasan kujerar motata. Ban gaya wa Nevzat ba. Makullin ɗakin bayan nan mutum biyu ke da shi, Usta da ɗansa Erdal, kuma Erdal ba shi da kai ko kaɗan. Har yau ana raɗe-raɗin motar wani mai kayan miya da ta ƙone bayan ya ɓata da mutanenmu. An ce wutar lantarki ce, wataƙila kuwa ita ce, amma tun Talata ba abin da nake gani in na rufe ido sai motar nan.

In na gaya masa, ina tsoron ya ɗauki askar nan ya nufi shagon Usta. In na je wurin 'yan sanda in ce an ajiye takalma, dariya za su yi, kuma ranar da aka ji na kai 'yan garinmu ƙara, babana ba zai ƙara shiga masallaci kansa a ɗage ba. Ga Sallah ta ƙarato, ranar da ƙanana ke zuwa gaida manya a yafi juna, Nevzat kuwa ya ce ba inda za shi. Yanzu a gida ni ma ba na iya haɗa ido da shi, sai in tsiri aiki a kicin har ya kwanta. Ki gaya mini abin yi, ina tsoro ƙwarai.

Matar mai aski, Duisburg

*

'Yata,

Tsoronki yana kan hanya, ba zan ce miki ba komai ba. Wanda ya goge takalman nan ya jera su ya san abin da yake faɗa, kuma ya san ke da mijinki za ku gane, maƙwabta ba za su gane ba. Saboda haka ya zaɓi wannan hanyar.

Bari in fara da laifin mijinki, don yana da shi. Buɗe shagonsa haƙƙinsa ne, ba wanda ya saye shi. Amma dattijon nan ya haɗiye fushinsa na farko, ya tako da ƙafarsa da mutanensa don ya ɗaga shi a idon jama'a, aka bar shi zaune kamar mai jiran mota. Baƙon da ya kama lokaci da an roƙe shi ya ɗan dakata, da ya dakata, ko ya dawo gobe. Nevzat ya san haka, shi ya sa ya daina faɗa.

Sai dai hukuncin ya zarce laifin nesa ba kusa ba. Hana mutum abincinsa, ɓoye masa rasuwar danginsa, sannan a yi masa abin da ake yi wa gawa, wannan zalunci ne, ko da kowa a unguwar yana yinsa cikin ladabi. Mu da muka zo ƙasar nan mun tsira ne da riƙon juna, na sani, ni ma wani ya tsaya wa mijina kafin ya sami rumfarsa ta farko. Amma taimakon da aka yi wa mutum ba ya ba kowa izinin binne shi da rai.

Ga abin da nake so ki yi. Ki ɗauki hoton takalman, ki rubuta ranar da kika same su. Ki je ofishin ba da shawara ga waɗanda ake yi wa barazana, akwai masu jin Turkanci, za su fahimta ba tare da dogon bayani ba, kuma zuwa can ba kai ƙara ba ne. Ku sa na'urar ɗaukar hoto a ƙofar shago a makon nan. In aka sake yin wani abu, komai ƙanƙantarsa, ku tafi wurin 'yan sanda kai tsaye. Kunyar babanki a masallaci tana warkewa.

Sannan ki nuna wa babanki takalman da idonsa. Ya isa haka nan da aiko saƙo ta bakinki. Surukinsa ne, uban jikarsa, ya tashi ya je wurin Usta Ramiz shi da limami. Zuciyata ta fi ba ni cewa dattijon da ya iya yin shiru na watanni ba shi ne zai aika da takalma ba, kuma in ɗansa ne ya yi a bayan idonsa, gara ya ji daga bakin sa'ansa. Ina iya yin kuskure, shi ya sa na fara da maganar hoto da ofis. Kada Nevzat ya je shagon nan shi kaɗai, kada kuma ya je da komai a aljihu. In manya sun share hanya, ranar Sallah ya bi babanki gidan Usta da rana tsaka, ya sumbaci hannunsa ya ce ya yi kuskure, ba tare da kawo hujja ba. In an karɓa, madalla. In ba a karɓa ba, ya sauke nasa nauyin, ku nemi masu zuwa aski cikin Larabawa da Jamusawa da sauran jama'a, ko ku koma wani gari. Mai hannu irin nasa ba ya rasa kujera.

Amma kafin duk wannan, ki gaya masa yau. Ki bari ya sha ruwa, ki kai 'yarku wurin maƙwabta, ki tabbata askar tana shago, ki zauna kusa da shi ki faɗa masa komai. Kina tsoron abin da zai yi wa wani, ni kuwa da na karanta wasiƙarki abin da zai yi wa kansa ya fi tsorata ni. Mutumin da ya daina ci, ya daina faɗa, ya daina wasa da ɗiyarsa, likita ma ya kamata ya gan shi, kuma ki raka shi da kanki. Garin nan kaf ya daina yi masa magana, ke kaɗai kika rage masa, ga shi tun Talata ke ma kin yi shiru, kuma bai san dalili ba. Abin da zai ɗauka shi ne kin bi su.

Allah ya tsare miki shi, ya kawar da sharri daga ƙofarku, ya sa ku yi Sallah da kwanciyar rai.

Abla Gülten