Baƙar Giyar da Ba a Tofarwa

Zuwa ga ƙanwata Rohimah, a Kelantan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwa. Mu nan Saigon sai godiya. 'Yata Maisam ta sauka lafiya, an samu mace.

Dalilin rubutuna shi ne ɗanki Sarip, amanar da kika bar mini. Kin san baiwar da Allah Ya yi wa harshensa: ya kurɓi gahawa, ya juya ta a baki, ya tofar, ya faɗi darajarta. To, wani mai dafa giya, Khoa, ya zuba gahawar kamfanin da Sarip ke wa aiki cikin wata baƙar giya mai ƙarfi, ta shekara da shekaru a gangar katako. Da aka tashi buɗe ta, maigidan Sarip ya sa shi cikin masu ba ta maki, ya ce in ya ƙi, ya nemi wani aikin.

Yaron ya lallashe ni, wai Kawu ya kwantar da hankali, tofarwa zai yi kamar kullum. Na ce masa zama a wannan teburin ma shari'a ba ta yarda ba. Na tafi wurin Khoa da kaina, can na ji abin da ya fi muni: su ba sa tofarwa, wai ɗacinta sai a maƙogwaro ake aunawa. Ya yi dariya, ya kira ni Baba Liman, ya ce tofar da giyarsa zagi ne, in ina tsoro in zo in riƙe wa yaron wuya.

Ranar Asabar Sarip ya tafi wurin ɗanɗana giyar. Ya dawo dab da magariba bai dubi kowa ba. Ina kallonsa yana alwala, ya daɗe yana kurkurar baki fiye da yadda sunna ta nema, sannan ya tsaya bayana a sahu. Har yau yana zuwa aiki. Ban tambaye shi ba, ban matsa in shinshina ba, domin an hana mu tona abin da Allah Ya rufe. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ki kira shi. Abin da ba zai iya gaya wa liman ba, ƙila ya gaya wa uwa. In ya faɗa miki, ki yi masa nasiha, amma kada ki sanar da ni. Ina so in ci gaba da juyowa bayan sallama in ba shi hannu.

Ki gai da mijinki Dusoh da su Halimah. Allah Ya shirya mana zuriya.

Yayanki,
Haji Idres