Na Tura Takardar, Ba Wanda Zan Gaya Wa

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, gaisuwa mai yawa. Yaya jikin naki? Yaya maigida da su Ummi, da sanyin ƙasar mutane? Nan Tudun Ƙofa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yau da hantsi na tura taƙaitaccen bayanin bincikena zuwa taron masana masu nazarin farin ciki da damuwar ɗan Adam. Sai sun karɓa na gabatar zan iya kammala digirin nan.

A kan kewar da ke damun tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi birni na yi aikin. An ce kada bayanin ya wuce shafi ɗaya, dole na cire maganar wata tsohuwa da na yi hira da ita a Agwada. Na tambaye ta yaushe kewa ta fi damunta, ta ce, "'Yar nan, ranar da miyata ta yi daɗi, in rasa wanda zan ce wa ɗanɗana."

Ina turawa na miƙe da murna na nufi ɗakin Inna. Sai da na kama labulen na tuna wata huɗu ke nan da rasuwarta. Na daɗe a tsaye, Yaya, sannan na ɗauko biro in rubuto miki.

Ki sa ni a addu'a Allah Ya sa su karɓa, Ya kuma jiƙan Inna. Ki gaida kowa da kowa. In kin sami sarari ki kira ni, ko da ba ki da abin faɗa.

Ƙanwarki,
Maryam