Taƙi Guda a Tankin Ƙasa

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgin ruwa. Yaya ciwon bayan nan? 'Yan biyu suna gaishe ka, kullum sai sun tambayi ranar dawowarka.

Mai gilashi ya kawo tankin ƙasan da ka zana kafin ka tafi, ya haɗa shi a cikin kabad, ƙarƙashin babban tankin kifin da ke falo. Oh ni 'yasu! Mutum ya ɓata wata biyu yana zane saboda akwatin da ba mai ganinsa sai ya durƙusa. Ɗakuna uku ne kamar yadda ka so: inda ruwa ke saukowa a tace shi, ɗakin ciyawar teku da ƙananan ƙwarin da kifayenka ke ci, sai ɗakin famfon da ke mayar da ruwa sama. Ya cika har baki, gwanin sha'awa.

Murjanin marigayi yayanka, halittar tekun nan mai rai da ke buɗewa kamar fure a babban tanki, yana nan shuɗi shar. Na san ba ka da abin da ya kai shi a gidan nan, har da ni a ciki, kada ka musa. Shekara tara kana renonsa tun yana kamar farce, ba zan bari ya lalace a hannuna ba.

Ka huta lafiya.
Matarka, Uwar Biyu

Maigidana,

Sallama da gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Mu lafiyarmu ƙalau, amma hankalina ba ya jikina.

Ranar Talata da rana aka ɗauke wuta. Ina ninke kaya na ji 'yan biyu suna ihu, na fito na tarar da ruwan gishiri yana malala daga kabad, ya jiƙe kafet har ƙarƙashin kujeru. Na tsaya baki sake! Ashe idan famfo ya tsaya, ruwan bututu da na saman babban tanki duk ƙasa yake komowa, tankin ƙasa kuwa ba shi da wurin karɓarsa.

Da wuta ta dawo famfo ya riƙa shan iska yana gurnani. Sai na tuna ka koya mini in ruwa ya ragu in ƙara tatacce marar gishiri, na juye bokiti guda. Sau huɗu aka ɗauke wuta a makon nan, sau huɗu ina goge falo ina ƙarawa. Yau murjanin bai buɗe ba, launinsa ya dushe. Na aika a kira mai shagon kifin ado.

Ka yi mana addu'a.
Uwar Biyu

Abban yara,

Ina gaishe ka, Allah ya sa wasiƙar nan ta same ka a zaune.

Mai shagon ya zo da ma'aunin gishiri. Ya auna, ya sake aunawa, ya ɗago ya dube ni. Ya ce ruwan da zafi ke shanyewa shi ne ke barin gishirinsa a baya, shi ya sa kake ƙara tatacce. Wanda ya zube a kafet kuwa da gishirinsa ya tafi. Wato mako guda ina tsarma wa murjanin ruwa da hannuna, ina ganin taimako nake yi. Innalillahi! Ya gyara ruwan a hankali, kifayen sun tsira, ciyawar ma za ta farfaɗo. Murjanin ya mutu. Naman jikinsa ya saɓule, saura farin ƙashi.

Na san za ka nemi mai gilashi da faɗa. Kada ka taɓa bawan Allahn nan. A zanenka ka bar taƙi guda fanko a saman tankin ƙasan, har ka ja masa layi biyu da jan biro. Ni na ga ɓarnar wuri ce, ga shi ka sha ƙorafin ciyawa ba ta da fili, sai na ce ya ɗaga allunan da ke raba ɗakunan don ruwa ya cika, ka dawo ka ga abin mamaki. Sau biyu yana ƙi, yana cewa mai zanen yana da dalili. Na ce masa gidana ne, ba nasa ba. A wasiƙar farko na ɓoye maka, a ta biyu ma na kasa faɗa.

Kwana uku ba na iya zama a falo. Mai shagon ya ce a cire ƙashin kada ya ɓata ruwa, ya miƙa hannu, na hana shi. Ni na cire, na wanke, na naɗe shi a farin ƙyalle na sa a akwatin kayanka. Wallahi ina naɗewa sai na ji kamar yau aka yi rasuwar yayanka, kuma a hannuna.

Ban san da wane ido zan tarye ka a ƙofa ba. Ka yafe mini in za ka iya.

Taka har kullum,
Uwar Biyu