Ɗigon Jan Farce a Jikin Famfon Mota

Anti, don Allah ki taimake ni kafin bakina ya ja mini abin da zan yi nadama. Cikina wata takwas, asibiti da nisa, kuma motar maigidana ce kaɗai abin hawanmu. Sau biyu cikin wata huɗu famfon ruwanta, wanda suke ce wa wata-famfo, yana lalacewa. Na ƙarshen a tsakiyar titi ta tsaya tana tururi kamar tukunya, ina ciki ina ta salati.

Bakaniken da ke gyara ta aminin maigidana ne tun suna yara. Mutum ne mai fara'a, matarmu ma yake ce mini. To ni Anti, ba zan ɓoye miki ba, littattafan soyayyata sun fi kwanukana yawa, kuma duk wanda na karanta, mai yawan murmushin nan shi ke cin amana a babin ƙarshe.

Wannan karon maigidana da kansa ya je sayen sabon famfon. Mai shagon ya fito masa da famfo uku, kwalinsu iri ɗaya sak, wai wannan na kamfani, wannan mai bi masa, wannan na lallaɓawa. Ya ɗauki na kamfanin, ba rasit, wai ai an saba. Da ya ajiye shi a falo ya shiga wanka, na buɗe kwalin na ɗiga masa jan farcena, a gefen nan mai santsi kusa da farfela. Bayan bakaniken ya ɗaura, na lallaɓa maigidana ya buɗe mini gaban motar, wai ina sha'awar ganin inji, na haska da waya. Anti, babu ɗigo! Kwana uku ke nan yana yabon amininsa. In ce masa an musanya? In kuma na yi shiru, naƙuda ta zo motar ta tsaya da ni a hanya fa?

Taki, Mai Jiran Haihuwa

Ƙanwata, ajiye littafin tukuna. Gefen da kika ɗiga wa jan farce shi ne ke manne da inji. Ko bakaniken waliyyi ne ba za ki ga ɗigon ba, balle kafin a ɗaura akan goge wurin tas. Shaidarki ba ta kama kowa ba, kada ki kashe tsohuwar abota a kanta.

Amma ban ce ki saki jiki ba. Famfo biyu a wata huɗu akwai magana. Mai shagon ne ya fi tsaya mini a rai: kaya uku a kwali iri ɗaya, ba rasit, da bakinsa kawai aka gane na kamfani. Shi ma bakaniken ban wanke shi ba. Mai gyara na ƙwarai yakan nemi abin da ke kashe famfon, ko bel ɗin da ke juya shi ne ya yi tsauri, ko ruwa zalla ake zubawa maimakon ruwan sanyaya inji.

Ki faɗa wa maigidanki komai, har jan farcen. Zai yi dariya, ki bar shi ya yi. Sannan ya karɓo tsohon famfon da aka cire, ya kai motar wani gareji a duba masa. Nan gaba ya sayi kaya inda za a rubuta lambar famfon a rasit, a kuma yarda ya mayar in ya ba da matsala. Kafin ya biya, ya gwada lambar jikin ƙarfen da ta kwalin, ya juya farfelar da hannu. In tana girgiɗi ko ƙara, ya ajiye musu abinsu.

Yau ɗin nan kuma ki karɓi lambar wani maƙwabci mai mota, ki sanar da matarsa watanki ya kusa. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa.