Fara Masa Daga Hannu

Yaya Maharazu,

Na ga kana barci, ban tashe ka ba. Na wuce makaranta.

Yau Baba ya buɗe baki! Ka san tun da ciwon nan ya kwantar da shi, ko tsumma aka kai kusa da fuskarsa sai ya datse haƙora ya kai duka. Ɗazu ina alwala kusa da tabarmarsa, na ga yana bin butar da ido. Sai na zuba masa ruwan ɗumi a hannu, dama sannan hagu, na dakata. Wallahi da kansa ya buɗe baki yana jiran kurkura. Nan na ga mikin da ya hana shi cin tuwo, can cikin kuncin hagu. Na wanke masa fuska, na shafa maganin asibiti, bai ture ni ba.

Ashe mu ne muke farawa ta inda ba a farawa?

Gwada da azahar, ka bi jerin alwala, kada ka tsallake komai. Ina so in san ko kai ma zai yarda maka.

Kuma ka juya masa tabarmar. Da na gama ƙafafun, ya tambaye ni ina gabas.

Safiyatu