Zaren da Majo ya ɗaura a tasbahar Inna

Zuwa ga ƙanwata Rabi, a babbar likita, wato asibitin Yamai. Gaisuwa mai yawa da tambayar jiki. Ki gaishe da Inna. Mu nan lahiya lau, hatsi ya fara kai, akuyarki ta haihu biyu, duka sun ɗauko kunnuwanki.

Direban da ya kai ku ya ce kina ƙin shan magani, wai tsoro kike kada zuciyarki ta sake tsayawa kamar ran nan. Shi ya sa na roƙi tawada wajen Malam.

Kin tuna sa'ad da muka kai ki likitar Illela, ƙafafunki sun kumbura, leɓenki ya yi baƙi. Majo, babban mai jinya, ya ce ki riƙa kwanciya a jingine, a cire miki gishiri da kanwa. Ya ba da maganin ɗigo, ya ce kada a ba ki sai an ƙirga bugun hannunki na minti guda. Mu kuwa ba agogo a gidanmu, ba a gidan maƙwabta.

Sai ya ce in biya surar da ke allona, yana duban nashi agogon. Sau uku a natse ya yi daidai da minti. Ya ɗaura jan zare a tasbahar Inna. Ni in yi karatu, ita ta riƙe hannunki tana jan ƙwaya. In ta wuce zaren, a ba ki. In ba ta kai ba, a ajiye kwalba a kawo ki. Kullum faɗarshi guda: “Kai ne agogo, kada ka yi gudu.”

Wata biyar ina tafiya daidai. Sai safiyar nan da na ɓoye takalman maƙwabcinmu Baba Ilu a kan rumbu, yara na jirana mu ga fitowarshi. Na zuba karatun da gudu, har na haɗiye aya guda. Inna ba ta kai ko kusa da zaren ba. Na ga ta yi salati ta goya ki, tsoron bulala ya kulle mini baki.

Kin sha rana a kan amalanke har Illela, kina haki. Majo ya ƙirga da agogonshi, bugun yana nan daidai. Ya dube ni, ya gane ni na yi gudu, ya ja ni bayan ɗaki. Bai doke ni ba, bai kuma faɗa wa Inna ba. Ya ce ni zan faɗa da bakina. Na kai damina guda ban iya ba.

To ga shi, Rabi. Zuciyarki ba ta taɓa tsayawa ba. Maganin bai yi miki komi ba. Ni ne. Tafiyar ranar ce ta kwantar da ke sati biyu, ita ma tawa ce.

Masu jinyar can suna da agogo na gaskiya, ba yaran da ke jiranshi a ƙofar gida. Ki miƙa musu hannu, ki buɗe baki ki sha. In kin ji numfashi ya yi nauyi, ki faɗa musu, kada ki yi kunyar nan taki.

Inna, na san kina zaune ana karanta wannan. Duk abin da kika yanke, na ɗauka.

Allah ya sassauta miki, ƙaramata, ya sa albarka a hannun masu kula da ke, ya maido ki gida da ƙafarki.

Wanki da kike kira Shaƙiyyi,
Ɗanladi.