Kan Tukunya Mai Jan Ƙyalle

Ni Pyo Mangil, mutumin Gunsan, tsohon mai walda a tashar gyaran jiragen ruwa, nake rubuta wannan da hannuna, yau Talata da hantsi, a gadon asibiti. Hankalina garau yake. Na san sunan likitana, na san kwanan wata, na kuma san abin da yake nufi da ya daina yi mini faɗa a kan cin gishiri. Huhu ne ya gaji, har an sa mini tiyo a hanci. Magana mai tsawo ta fi ƙarfin numfashina, shi ya sa na ɗauki biro. Zuwa gare ku, Eunsil da Taeung, 'ya'yana biyu da uwarku Okbun ta bar mini.

Na ɗaya. Taeung, kafin ka karanta layi na gaba, tashi ka je wurin tukunyar iskar giya da ka ɗauko daga gidana. Murɗa kanta dama har ya ƙi motsi. Buɗe taga da ƙofa. Sa 'yarka Daon ta hau sama wajen maƙwabta. Idan ka gama, ka dawo ka zage ni yadda kake so.

Jiya na aiki Eunsil gida ta ɗebo mini kaya, na ce ta leƙa ɗakin ƙasa inda nake haɗa giya. Ta dawo ta ce, "Baba, tulun ƙarfe ɗaya ba ya nan, da ƙaramar tukunya. Har wannan abin mai agogo biyu da ka ɗaura wa jan ƙyalle ya kwashe. Ɗanka dai ɓarawo ne mai mukulli." Tana dariyar takaici, ni kuwa na jawo waya. Na kira ka sau bakwai ba ka ɗauka ba. Na san abin da ka zata, wai tsoho zai ce ka dawo masa da kayansa. Ba kayan nake ji ba.

Na biyu. Gidan Gunsan naku ne ku biyu, rabi da rabi. Kada a sayar sai an yi mini sadakar shekara uku. Akwatin ɗinkin uwarku da zobenta na Eunsil ne. Kayan waldana da agogon da aka ba ni ranar da na bar aiki na Taeung ne. Bishiyar kaki mai jajayen 'ya'ya da ke tsakar gida ta Daon ce, ko da wata rana gidan ya koma hannun wani, a roƙi mai shi ya bar ta ta tsinka.

Na uku, kayan giya, wanda shi ne ya raba ku. Kun san yadda abin ya faro. Da na bar aiki sai zama ya ishe ni, na fara dafa tsiron sha'ir a tukunyar miyar uwarku ina ɗurawa a kwalabe. Wani rani kwalabe goma sha ɗaya suka fashe a bayan ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, gilashi har cikin kwandon shinkafa. Okbun ta riƙe ƙugu ta ce, "Baban Eunsil, ko kwalaben nan su bar gidan nan ko kai. Zaɓi, ni dai kwalaben sun fi ka amfani." A satin na sayo tuluna uku na ƙarfe, da tukwanen iska biyu, babba da ƙarama, da tiyo, da famfo, na huda tsohon firjin da muke ajiye kimchi, kabejinmu mai tsami, na zuba su ciki. Tun daga nan kwalba ba ta sake fashewa ba, na ɗauka na rabu da haɗari.

Kai Taeung ka zo ka koya a hannuna, kuma hannunka ya fi nawa, yau na faɗa. Ranar bikin kaka, muna zaune a teburin da muke ajiye wa kakanni abinci, ka ce in ba ka tulu ɗaya ka fara naka a Bucheon. Na ce a'a, Eunsil zan bar wa. Ka ajiye cokali ka ce, "Yaya da ko warin giya ba ta so? Baba, ka fito fili ka ce ba ka yarda da ni ba." Eunsil ta ce ai dama komai ka taɓa sai ya lalace. Tun ranar ba ku gaisa ba, wata huɗu ke nan. Laifin nawa ne, domin na ba ku hukunci na ɓoye dalili.

Na huɗu, ga dalilin. Gamja, karen uwarku, ba tsufa ne ya kashe shi ba. Ƙarya na yi muku.

Sanyin bara na cika babbar tukunya, na ɗaura mata kan nan mai agogo biyu, na bar ta a buɗe don giya ta sha iska, kamar yadda na saba. Zoben robar da ke bakinsa ya tsage, wuyansa ma akwai tsaga siririya kamar gashi. Gamja ya bi ni ya kwanta a buhunsa kusa da firji, na ja ƙofa saboda sanyi, na tafi kasuwar kifi. Da azahar na dawo na sauka. A tsaye ban ji komai ba, babu wari, babu hayaƙi. Sai da na durƙusa in tashe shi wani abu ya sare ni a hanci, kaina ya juya, na rarrafo matakala da ƙyar. Allurar agogo tana kwance a ƙasa, tukunyar da na cika da safe ba komai a ciki. Iskar nan ta fi wadda muke shaƙa nauyi. Ba ta tashi sama, kwanciya take yi a daɓe kamar ruwa a kwano, ta cika ɗaki daga ƙasa.

Shekara talatin da takwas ina aiki da tukwanen iska, ina zagin yara kan rashin duba tiyo, sai ga ni na kashe kare da hannuna. Kunya ta hana ni faɗa. Rowa kuma ta hana ni jefar da kan, na ɗaura masa jan ƙyalle wai zan gyara. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sani, na yi shiru.

Yanzu ka dubi naka ɗakin, Taeung. Rabinsa a cikin ƙasa yake, tagarsa a sama daidai ƙafafun masu wucewa, kuma sanyi ya sa kun toshe ta da leda. Ɗaki ɗaya ne da 'yar kusurwar girki. Na san inda za ka ajiye tukunyar, bayan firji, domin ba wani wurin. Na kuma san inda Daon take shimfiɗa, wajen da daɓe ya fi ɗumi, taku uku daga firjin. Shekararta huɗu. Ko a tsaye take, kanta bai kai ƙugunka ba.

Ba ku san yayata Sunrye ba, sai hotonta da muke sa wa shinkafa. Ina da shekara tara, lokacin da ake hura gawayi a ƙarƙashin daɓe don ɗumama ɗaki, iskar gawayi ta biyo tsaga ta shigo mana. Ni ina bakin ƙofa, ita tana can ciki wajen ɗumi domin tana mura. Da safe uwarmu ta jawo mu waje tana ɗura mana ruwan kimchi, maganin da kowa ya sani ke nan a lokacin. Ni na yi amai na tashi. Ita ruwan ya bi gefen bakinta ya zuba. Ni na kama ƙafafunta muka ɗaga ta. Mu mutanen da muke kwana a ƙasa ne, abin da ke zuwa ta ƙasa mu yake fara samu.

Na biyar. Kan nan mai jan ƙyalle a fasa shi da guduma, kada a sayar, kada a ba kowa. Sauran kayan duka na Taeung ne, na janye maganata, amma a gidan Eunsil za su zauna, a rumfar bayan gida da iska ke ratsawa. Can zai riƙa zuwa yana haɗawa. Eunsil, ki ba shi mukulli ki kuma ba shi abinci. Duk sanda aka ɗaura sabuwar tukunya a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. A canza zobunan roba kowace shekara ko da suna da kyau. A ɗaure tukunya da sarƙa a tsaye. A rufe kanta duk sanda aka gama. A sayi na'urar nan mai ihu idan iska ta ɓaci, a kafa ta ƙasa daidai gwiwa, ba sama ba.

Na shida. Ranar tunawa da ni kada ku sayo giyar kanti. Kofi ɗaya daga tulun Taeung, Eunsil ta zuba, shi ya ajiye. Idan ɗaya bai zo ba, ku bar kofin a kife, ba na sha.

Ni ba mai zuwa coci ba ne kamar uwarku, amma bakinta zan ara. Allah ya yi muku albarka, ya raya Daon, ya sa ku tsufa kuna tsokanar juna. Ɗan'uwa rabin jiki ne, ku biyu kaɗai kuka rage, kada ku bar tulun ƙarfe ya zama abin da na bar muku.

Eunsil, da tsakar rana za ki zo da miya. Kada ki zauna, kada ki tsaya jiran likita, ko me ya ce miki game da ni. Karɓi takardar nan ki hau motar ƙarfe ɗaya zuwa Bucheon. Idan bai buɗe ba ki yi ta bugu, idan ba ya nan ki fasa tagar, zan ji daɗi a ce 'yata ta yi hauka a unguwar mutane. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ranar da likita ya nuna mini hoton huhuna. Sau biyu a rayuwata na ɗaga abin da nake ƙauna daga daɓe, jikinsa ya yi sanyi. Ni zan iya mutuwa ba kowa a kaina. Ki riga dare isa ɗakin nan.

Ubanku,
Pyo Mangil